Ga matashin da zai je koyon saƙar siliki a Margilan

 'Ya'yana, tafiya ta yi sauƙi a zamaninku. Ƙasar da kakanninmu ba su san ta ba sai a bakin malamai, yau ɗayanku zai kwana a Kano ya wayi gari a can. Ina murna da haka, domin tafiya mabuɗin ilmi ce. Abin da nake so mu yi magana a kai shi ne yadda mutum zai shiga gidan masu sana'a a ƙasar da ba tasa ba, ya zauna a gabansu, ya fito da wani abu a hannunsa da zuciyarsa. Na zaɓi saƙar siliki ta garin Margilan a ƙasar Uzbekistan, domin sana'a ce da ba ta yarda da gaggawa, kuma mu Hausawa muna da tsohuwar dangantaka da zare.

Sunan ƙasar ba baƙo ba ne a kunnen almajiri. Can ne Bukhara da Tirmiz, garuruwan da aka jingina musu Imamu Bukhari da Imamu Tirmizi. Mafi yawan baƙi a Samarƙandi da Bukhara suke tsayawa, su ga gine-gine su juya. Margilan tana gabas, a cikin kwarin Fargana, kusa da birnin Fargana ɗin kansa. Daga Tashkent jirgin ƙasa yana kai mutum, ta cikin ramin da aka huda a dutsen Kamcik aka buɗe a 2016. Tsohon gari ne ƙwarai, a 2007 suka yi bikin cikarsa shekara 2,000. A cikinsa akwai masaƙar Yodgorlik da aka kafa a 1972, inda har yau ake warware zare da hannu ana saƙa da hannu, akwai kuma cibiyar raya sana'o'i da ke cikin tsohuwar makarantar Sa'id Ahmad Khoja, wadda hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren da suka iya riƙon gado a 2017. Dukansu suna karɓar baƙi. Bayan su akwai gidaje masu yawa a unguwanni, waɗanda ba su da allo a ƙofa, sai ƙarar masaƙa da za ka jiyo ta bayan katanga.

Shawarata ta fari, ku duba lokaci kafin ku sayi tikiti. Saƙa da rini ana yin su duk shekara, amma kiwon tsutsar siliki yana da lokacinsa, daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Yuni, sa'ad da bishiyar tut ta fitar da sabon ganye. Wanda ya je a wani watan zai ga zare, ba zai ga inda zaren ya fito ba. Ni kuwa a ganina nan ne rabin karatun yake.

Tsutsar nan ba ta cin komai sai ganyen tut. Ranar da ta ƙyanƙyashe da ƙyar ido yake kama ta, amma cikin kamar wata guda sai ta kai tsawon yatsa, bayan ta saɓe fata sau huɗu. A ƙauyukan kwarin, iyali sukan kwashe kayansu daga ɗaki su bar wa tsutsa, su kafa mata katakai hawa-hawa, su riƙa lura da ɗumin ɗakin kada ya yi sanyi kada ya yi zafi. A makon ƙarshe ba mai barci sosai a gidan. Maza suna saro rassa, mata da yara suna shimfiɗa ganye dare da rana, kuma dole ganyen ya zama busasshe daga raɓa, mai tsabta, domin jiƙaƙƙen ganye yana kawo cuta, cuta kuwa in ta shiga ɗaki sai ta share wahalar wata guda. In ka tsaya shiru a bakin ƙofa za ka ji ƙarar cinsu kamar yayyafi a kan rufin kwano. Daga nan sai tsutsar ta daina ci, ta hau busassun rassan da aka jera mata, ta yi kwana biyu zuwa uku tana naɗe kanta da zaren da ke fita daga bakinta, har ta rufe kanta cikin farin ƙwanso. Zare ɗaya ne tal, ba tsinkewa, tsawonsa ɗaruruwan mita, wani har ya doshi mita 1,000. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya sanar da ita.

Akwai abin da ba na so a ɓoye muku. In aka bar tsutsar ta rikiɗa ta fito da fiffike, sai ta huda ƙwanson, zaren ya tsittsinke. Saboda haka ana kashe ta a ciki da zafi ko tururi, sai kaɗan da ake bari don iri. Dubban rayuka ne a cikin zane ɗaya. Haka kuma an daɗe ana kuka a ƙasar cewa hukumomi suna ɗora wa manoma adadin ƙwanson da dole su kawo, ko sun so ko ba su so ba, a kan kuɗi kaɗan. Kada ka shiga gidan mutane kana tono wannan magana da gatsali, kai baƙo ne. Amma ka san da ita, domin ranar da za ka ɗaga gyale a kasuwa kana cewa ya yi tsada, ka tuna da matar da ta kwana a tsaye tana shimfiɗa ganye.

Wurin da baƙo yake fara sa hannu shi ne bakin tukunya. Babbar tukunya ce ta ƙarfe, cike da ruwan zafi, ƙwanso yana yawo a kai. Ƙwanson yana da wani ƙaro da ya manne zaren, zafin ruwa ne yake sassauta shi. Mai aikin, yawanci mace ce, tana motsa ruwan da ɗan tsinke ko tsintsiya har bakin zaren ya maƙale, sai ta haɗa na ƙwanso masu yawa su zama zare ɗaya, ta miƙa shi ga babbar ƙafar katako da ake juyawa tana naɗewa. Kallon abin daɗi ne da shi. In aka ba ka wurin, a nan za ka gane bambancin gani da yi. Wari ne mai nauyi, tururi yana dukan fuska, yatsu suna cikin ruwan da ba za ka iya jure shi ba. Duk lokacin da ƙwanso ɗaya ya ƙare, dole a jefa wani a madadinsa nan take, in ba haka ba zaren zai sirance a wani wuri ya yi kauri a wani, kuma wannan aibin zai bi shi har cikin tufa. Ita ba ta ƙirgawa da baki, yatsunta ne suka san kaurin. Ka dubi hannuwanta da kyau, ɗana. Ka ga yadda fatar ta yi. Wannan kallon ya fi hoto ɗari amfani a gare ka.

Bayan an naɗe, ana murɗa zaren, a dafa shi a ruwan sabulu ko na toka don ƙaron ya fita. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa yake tafiya a nan, sannan taushi da ƙyallin da muka san siliki da su suke bayyana.

Abin da ya fitar da sunan Margilan shi ne yadda suke rina zare tun kafin a saƙa shi. Mu a marinarmu, mun saba a ɗaure farin yadi a tsoma a baba. Su kuwa zaren tsaye suke ɗaurewa. Ana yin wadari mai tsawon gaske, fiye da mita 100, a raba shi damma-damma, a ninka a shimfiɗa a kan wani faffaɗan katako. Sai gwanin zane ya zo da ɗan tsinke da baƙin gawayi ya zana siffar a kan zaren. Ba takarda a gabansa sau da yawa, a kansa take. Bayansa sai masu ɗauri su zauna, su naɗe duk inda ba a so launi ya shiga da zaren auduga, tamau, yadda ruwa ba zai ratsa ba. A tsoma a launi na farko, a shanya, a kwance wasu ɗaurin, a ƙulla wasu, a sake tsomawa. Kowane launi da zagayensa. Rawaya daga ɓawon rumman ko na albasa, ja daga saiwar wani tsiro da suke kira ruyan, shuɗi daga baba irin wanda muka sani, kore kuwa sai an bi rawaya da shuɗi. Masaƙu da yawa yau sun koma launin kanti saboda sauƙi, ba laifi ka tambaya wanne aka yi amfani da shi, cikin ladabi.

A nan nake so ku daɗe. Yawancin baƙi ɗokinsu su hau masaƙa a ɗauke su hoto, alhali ilmin yana wurin masu ɗauri. In sun yarda, ka nemi a ba ka dami ɗaya ka ɗaure. Za ka yi zaton ka matse, a tsoma a kwance, ka ga launi ya ɓullo ta inda ba a gayyace shi ba. Za su yi dariya, kai ma ka yi, ka sake. Yatsunka za su yi kanta kafin ɗaurinka ya riƙe ruwa. Kuma sai ka yi wannan za ka fahimci dalilin da ya sa gefen kowace siffa a tufarsu yake da ɗan ja-baya, launi yana shiga cikin launi a hankali. Zaren ne yake ɗan gocewa lokacin da ake ɗora shi a masaƙa, kuma gwani shi ne wanda ya san iyakar gocewar da za ta yi kyau da wadda za ta ɓata aiki.

Masaƙarsu ba za ta zama baƙuwa ga wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masaƙanmu ba. Akwai allera, akwai matakan ƙafa, akwai ƙoshiya da ke kai da komo, akwai matsefin da ake buga zare da shi. Faɗin yadin ya fi ƙwaryarmu, amma bai kai na inji ba, yawanci bai wuce rabin mita ba. Wanda suke kira adras, zaren tsaye siliki ne, na kwance auduga, matakansa kaɗan ne, da shi ake fara koya wa mutum. Atlas kuwa siliki ne zalla mai santsi, wani yana da matakai har takwas, ƙafa tana bin su bi da bi ba tare da ido ya duba ƙasa ba. Akwai kuma karan-miski na siliki da suke kira bakhmal, wanda masaƙi yake saƙawa a kan siririyar waya yana yanka gashin da wuƙa layi-layi, yini guda ba ya samun abin kirki a tsawo. Kada ka roƙi a ɗora ka a kan wannan. A ƙarshe, a tsohuwar hanya, ana shafa wa yadin farin ƙwai a buga shi da guduma ta katako har ya yi sheƙi, wanda duk ɗan Kano da ya san mabuga zai gane aikin da ya gan shi.

In ka zauna a masaƙa, abu uku ne za su ba ka wuya: haɗa ƙafa da hannu, daidaita ƙarfin bugu, da bakin yadi. Mai koyo yakan ja zaren kwance da ƙarfi, sai bakin ya tsuke, ko ya sake shi, sai ya bar kunnuwa. Zare zai tsinke, a nuna maka yadda ake ƙulla shi ƙullin da ba ya nunawa. Ka koyi wannan ƙullin ko da shi kaɗai za ka koya. Kuma in malaminka ya warware abin da ka yini kana saƙawa, kada ranka ya ɓaci. Da bai ɗauke ka da muhimmanci ba, da ya ce ya yi kyau ya sallame ka.

Yanzu ga maganar ladabi, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Gwanin sana'a a can usta ake ce masa, kuma yaron da ke ƙarƙashinsa yakan yi shekaru yana hidima kafin a sa masa albarka ya tsaya da ƙafarsa. Kai da ka zo na 'yan kwanaki, an yi maka alfarma ce da aka matsa maka wuri. Ka yi sallama, ka sa hannun dama a ƙirji yadda suke yi, ka cire takalmi in za ka shiga ɗaki. Za a kawo shayi a ɗan kwano, a zuba maka kaɗan, kada ka ɗauka rowa ce, girmamawa ce a wurinsu, don a yi ta ƙara maka da zafinsa. Gurasarsu da hannu ake gutsura ta, ba a kifa ta, ba a ajiye ta a ƙasa. In an gama ci za a ɗaga hannu a yi addu'a a shafa, ka jira ta kafin ka miƙe. Musulmi ne, mafi yawansu mazhabar Abu Hanifa suke bi, za ka ga bambanci kaɗan a sallarsu. Ba gardama ta kai ka ba. Ka koyi gaisuwa da godiya da ƙirge da harshensu, domin Turanci bai yawaita a unguwanni ba, Uzbekanci da Rashanci ne.

Wayar hannu kuma, 'ya'yana, ku sa ta a aljihu. Ba na hana ku hoto, amma ku nemi izini, musamman a inda mata suke aiki. Ke 'yata, ƙofofin da za a buɗe miki sun fi na ɗan'uwanki yawa, domin za a shigar da ke cikin gida wurin tukunya da wurin tsutsa, ki riƙe amanar abin da kika gani. Siffar da gwani ya zana dukiyar gidansu ce, wata tun daga kakansa. Ɗaukarta a hoto a kai wa mai inji ya buga dubu, cin amana ne, ko da ba dokar da ta kama ka. Kuma ku biya kuɗin koyarwa da daɗin rai. Zaren da ka ɓata kuɗi ne, yinin da aka yi ana tsaye a kanka yini ne da ba a saƙa na sayarwa ba. Ciniki al'adarmu ce kuma al'adarsu ce, ka yi shi a kasuwar Kumtepa da ke ci Alhamis da Lahadi a gefen gari. A gidan wanda ya koya maka kuwa, abin da ya faɗa ka ba shi.

Samari za su tambaya, to mu da aka hana mana sa siliki fa? Gaskiya ne an hana maza sa siliki zalla, an halatta wa mata. Koyon saƙa shi da sayar da shi wani abu ne daban. Shi kuwa gauraye irin adras, malaman Hanafiyya sun yi sauƙi a kansa in zaren kwance ba siliki ba ne, kuma mas'alar tana cikin littafin Hidaya na Burhanuddin al-Marginani, wanda ya rasu a 1197, ɗan wannan yankin ne, da sunan garin ake kiransa. Malamanmu na Malikiyya suna da nasu bayani a kan gauraye, ka tambayi malaminka kafin ka ɗinka wa kanka. Tsarabar uwa da ƙanne dai ba ta da wata matsala.

In za ka saya a kasuwa, ka nemi a zare maka ɗan zare daga bakin yadi. Na gaske in aka ƙona shi warin gashi yake yi, tokarsa ta murmushe a yatsa, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Ka kuma dubi zaren tsaye guda ɗaya, in launinsa yana sauyawa a tsawonsa kuma ya ratsa shi ciki da waje, an ɗaure an rina. In farin zare ne aka shafa wa launi a fuska ɗaya, bugun inji ne.

Kada ku dawo kuna cewa kun iya. Mako guda ko biyu zai ba ka sanin matakan aikin, ya ba ka ɗan gyale mai karkataccen baki da ka saƙa da hannunka, ya sa ka daina raina kuɗin kayan hannu har abada. Wannan ba ƙaramin samu ba ne, amma ba gwaninta ba ce. Mutanen nan sun riƙe sana'arsu a zamanin Tarayyar Sobiyat, lokacin da saƙa a gida don sayarwa laifi ne, har aka ɗaure wasu gwanaye a kurkuku saboda ita. Da ƙasar ta sami 'yanci a 1991, waɗanda suka ɓoye ilmin a ƙirjinsu ne suka fito da shi suka koya wa 'ya'yansu. Abin da aka riƙe da irin wannan tsada, bai kamata baƙon kwana goma ya dawo yana buga ƙirji da shi ba. Ka ambaci garin da ka koya da mutanen da suka koya maka duk lokacin da aka yaba abin da ke hannunka.

Abin da ya fi damuna na bar shi ƙarshe. Da yawanku za su tsallaka teku su yi mamakin tsutsar Margilan, ba su san muna da tamu ba. Tsamiya da kuke ji ana cewa rigar tsamiya, siliki ne na daji. Wasu tsutsotsi ne da ke cin ganyen tsamiya da doka da wasu itatuwa, suna taruwa da yawa su saƙa gida ɗaya babba. Ba a warware shi yadda ake warware na Margilan. Dafa shi ake yi a ruwan toka har ya saki, a wanke, a shanya, mata su kaɗa shi da mazari yadda ake kaɗa auduga. Launinsa ƙasa-ƙasa ne, ba shi da ƙyalli sosai, amma yana da ƙarfi da kwarjini, da shi ake aikin wuyan manyan riguna, Yarabawa kuma suna saƙa sanyan da shi. Shi kuwa alharini, siliki mai jan launi, a da ta hamada yake zuwa daga Tarabulus a bayan raƙuma, Bature matafiyi Barth ya tarar da cinikinsa a Kano da ya zo a 1851, kuma masaƙanmu suka mayar da shi barage. Marinar Ƙofar Mata tana nan, Kura tana nan, a ƙasar Minjibir da wasu ƙauyuka har yanzu akwai dattawan da ke zama a rumfa suna jan kunkuru. Sai dai yawancinsu sun manyanta, 'ya'yansu sun kama wasu hanyoyin neman abinci, yadin inji ya cika kasuwa.

Saboda haka ina roƙonku, kafin ku nemi biza, ku nemi masaƙin da ya fi kusa da garinku. Ku je da goro da sallama, ku zauna, ku koyi wadari da riƙon ƙoshiya, ku tambayi tsofaffin mata yadda ake dafa tsamiya tun suna da ƙarfin nunawa. Wanda ya je Margilan da wannan a hannunsa, usta zai gane daga zamansa a masaƙa cewa ɗan gidan zare ne, kuma zai sami abin da shi ma zai nuna musu. Ku tafi musu da ƙwarya ɗaya ta saƙar gida a matsayin tsaraba. In kun dawo lafiya, ku koma wurin dattijon nan ku nuna masa abin da kuka gani, ku sayi abin da ya saƙa a kan kuɗin da ya faɗa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.